Ruwan wardi da danginsa: Yadda ake gwada su da amfani da su a gida ba tare da an cutu ba

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas, ba abin mamaki ba ne a ga mace ta ciro 'yar kwalbar feshi daga jakarta ta fesa wa fuskarta ruwan wardi don ta ji sanyi.

A Mbamba da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, kamar sauran unguwannin Yola da Jimeta, wannan ruwa ya shiga sahun kayan gyaran jiki na yau da kullum. Ana kwaɓa dilka da lalle da shi, ana goge fuska da shi, ana fesa shi a gashi da shimfiɗa. Wasu a kasuwar Jimeta suke sayensa, wasu a hannun masu talla ta WhatsApp da TikTok, wasu kuma da kansu suke haɗa shi a gida.

Da yake ruwan ba shi da kaifi, kuma daga tsiro aka samo shi, mutane da dama sun ɗauka ba ya cutarwa. Gaskiyar ita ce rashin kaifin nasa shi ne rauninsa. Kusan dukkansa ruwa ne, sau da yawa ba a sa masa abin hana lalacewa, kuma a zafi irin na Yola ƙwayoyin cuta ba sa ɗaukar lokaci kafin su mamaye shi.

Mene ne ruwan tururin tsirrai?

Idan aka zuba fure ko ganye mai ƙamshi a tukunya aka tafasa, tururin da ke tashi yakan kwashi sinadaran ƙamshin. Idan aka tare tururin aka sanyaya shi, sai ya koma ruwa, kuma ya rabu gida biyu. Ɗan man da ke tasowa sama shi ne man ƙamshi mai tsada. Ruwan da ya rage a ƙasa shi ne abin da masana ke kira haidrosol, wato ruwan tururin tsirrai. Ruwan wardi shi ne mafi shahara a cikinsu, amma ana samun irinsa daga na'ana'a, ɗaɗɗoya, kanumfari, citta, furen lemo, ganyen bishiyar turare da ciyawar lemun giras da ake sa wa a shayi.

Man ƙamshin da ke narke a cikin wannan ruwa kaɗan ne ƙwarai, galibi bai kai giram ɗaya a cikin lita guda ba. Shi ya sa fata ke jure shi fiye da man, wanda ba a shafa shi zallansa.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce. A ƙarni na 9, masanin Bagadaza Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatso shi ta hanyar tururi. Ana kuma danganta inganta hanyar tatsar wardi ga Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037. Har yau ana wannan aiki a Kashan ta ƙasar Iran, da Ɗa'ifa ta Saudiyya, da Kannauj ta Indiya, kuma ruwan wardi na cikin abin da ake gauraya wa da ruwan Zamzam wajen wankin Ka'aba. Kalmar aromaterafi kuwa, wato jiyya da ƙamshi, ta bazu ne bayan wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, René-Maurice Gattefossé, ya fitar da littafi mai wannan suna a 1937.

Akwai abubuwa biyu da ake rikita su da ruwan tururi. Na farko shi ne ruwan da aka dafa ko aka jiƙa ganye a ciki aka tace. Wannan yana da launi, yana ɗauke da ɓurɓushin tsiron, kuma kamar miya yake, kwana ɗaya zuwa biyu ya lalace. Na biyu shi ne ruwan da aka ɗiga wa turaren kanti da launi, aka sa masa sinadarin da ke haɗa mai da ruwa. Ana yawan sayar da wannan da sunan ruwan wardi, alhali ko fure ɗaya bai shiga cikinsa ba.

Inda hatsarin yake

A lokacin da ruwan ke ɗigowa daga tururi, tsabtatacce ne, domin zafi ya kashe abin da ke cikinsa. Gurɓacewa na farawa ne daga nan: daga kwanon da ya tare shi, da mazurari, da kwalba, da hannu, da ƙurar iska. Ƙwayoyin bakteriya da dama sun fi yaɗuwa a zafin da ya yi kusa da na jikin mutum, wato maki 37, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu kan ninka yawansu a ƙasa da awa guda. Ɗakin da aka rufa da kwano a Mbamba yakan kai wannan zafi da rana tsaka a lokacin bazara. Wata ƙwayar mai suna Pseudomonas aeruginosa tana iya rayuwa da hayayyafa ko a cikin ruwan da aka tatso ta tururi.

Abubuwa biyu da suka faru a Amurka sun nuna girman lamarin. A 2021 mutum huɗu a jihohin Jojiya, Kansas, Minesota da Teksas suka kamu da cutar meliyoidosis, wadda ba a saba ganinta a ƙasar ba. Biyu daga cikinsu suka rasu, har da ƙaramin yaro. A watan Oktoban shekarar, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta gano ƙwayar cutar a cikin kwalbar wani ruwan ƙamshi na fesa ɗaki da aka yi a Indiya, aka kuma janye kwalabe kusan 3,900 daga kasuwa. Wancan haɗin ba ruwan tururi zalla ba ne, amma darasin ɗaya ne: abin da aka fesa a iska, huhu yake shiga.

A 2023 kuma, wani ruwan ɗiga wa ido da ba a sa masa abin hana lalacewa ba ya gurɓata da Pseudomonas. Zuwa watan Mayun shekarar, CDC ta ƙidaya mutum 81 da suka kamu a jihohi 18. Mutum 14 sun rasa gani, an cire wa huɗu ƙwayar ido, huɗu kuma sun rasu. Idan abin da aka yi a masana'anta musamman don ido zai iya jawo haka, to, bai kamata ruwan wardin da aka ɗura da hannu ya kusanci ido ba.

Hatsari na biyu shi ne rashin jituwa da fata. Lemun giras yana da sinadarin sitiral, kanumfari yana da yujinol, kuma dukansu an san su da tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu mutane, ko da kaɗan ne.

Abin dubawa kafin a saya

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke kula da kayan kwalliya, kuma doka ta wajabta yi musu rajista kafin a sayar ko a tallata su. Saboda haka mai saye ya nemi lambar rajistar hukumar a jikin kwalba, da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin da aka yi, da ranar yi da ranar ƙarewar aiki. Da yake masu jabu ma sukan buga lamba, wanda ya yi shakka yana iya tantance ta a ofishin hukumar.

A karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Idan an rubuta ruwa da turare da launi, to, ruwan turare ne ba ruwan tururi ba. Idan an ambaci abin hana lalacewa, wannan ba aibu ba ne, a yanayi irin na Adamawa ma alheri ne. A guji kwalbar da ta yini a rana a kan teburin mai talla, da wadda hatiminta ya ɓalle, da ruwan da ake auna wa mutane daga jarka zuwa tsofaffin robobin lemo. Araha ba ta ado.

Gwaji biyar da za a iya yi a gida

Na farko, gwajin ido. A zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi mai tsabta a ɗaga shi wajen haske. Ruwan tururi na ainihi garau yake, ba shi da launi. Ruwan wardi mai launin hoda, rini aka sa masa. Wani sabon ruwa, musamman na kanumfari, yakan ɗan yi fari-fari saboda ɗigon man da ke cikinsa, don haka abin lura shi ne canji. Idan ruwan da a da garau yake ya dushe, ko aka ga wani abu kamar zare ko auduga yana yawo a ciki, ko baƙin ɗigo a bakin murfi, ko yauƙi, to, ya lalace. Tacewa ba ta gyara shi, zubarwa ake yi.

Na biyu, gwajin hanci. Ƙamshin ruwan tururi sassauƙa ne, yana da ɗan ƙanshin dafaffen ganye a ƙarƙashinsa, kuma ba ya daɗewa a jiki. Wanda ƙamshinsa ya yini a tufafi, turare aka sa masa. Warin tsami ko na ruma alama ce ta lalacewa.

Na uku, gwajin girgizawa. A girgiza kwalbar da ƙarfi a ajiye. Kumfar ruwan tururi zalla takan kwanta nan da nan. Kumfar da ta tsaya kamar ta sabulu tana nuna an sa sinadarin haɗa mai da ruwa.

Na huɗu, gwajin madubi. A ɗiga ɗigo biyu a kan madubi mai tsabta a bari ya bushe. Ruwan da ya fito daga tururi ba ya barin komai ko kuma ya bar ɗan alama da ƙyar ake gani. Danƙo ko maiƙo ko launi suna nuna akwai ƙari. Idan an faɗi ƙarin a jikin kwalba, babu laifi. Idan an rubuta cewa zalla ne, to, an yi wa mai saye ƙarya.

Na biyar, gwajin tsami. Akwai 'yar takarda da masu kayan ɗakin gwaje-gwaje ke sayarwa, wadda ke canza launi ta nuna ma'aunin da ake kira pH. Ma'aunin daga 0 yake zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwan kanwa da na toka kuma suna sama da 7. Yawancin ruwan tururi suna da ɗan tsami, suna ƙasa da 7, kusa da na fatar mutum da ke tsakanin 4.5 da 5.5. A auna ranar da aka buɗe kwalba a rubuta, sannan a riƙa sake aunawa duk mako. Masu wannan sana'a suna ɗaukar canjin da ya kai rabin maki a matsayin gargaɗi. Kada a tsoma takardar a cikin kwalba, a tsiyayo a cokali mai tsabta.

Gwajin fata

Ruwa yana iya zama mai kyau amma jikin wani ya ƙi shi. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a shafa duk wani sabon abin shafawa a ɗan wuri a cikin hannu, kamar lanƙwasar gwiwar hannu, sau biyu a rana na tsawon kwana 7 zuwa 10, kafin a kai shi fuska. Dalilin tsawon lokacin shi ne wani rashin jituwar ba ya bayyana sai bayan kwanaki.

Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, ko zafi, ko kumburi, ko ƙananan ƙuraje, a wanke da ruwa a daina. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a lura da wurin da ya ƙara duhu, ya yi kaushi ko ya ɗau ɗumi. Masu amfani da man bilicin su ƙara kula, domin fatarsu takan yi rauni. Amarya kuma kada ta bari sai ana saura kwana biyu biki sannan a shafe mata jiki da abin da ba ta taɓa gwadawa ba.

Abin da gwajin gida ba ya iya gani

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna iya tabbatar da cewa ruwa ya lalace, amma ba sa iya tabbatar da cewa lafiyarsa lau. Ruwa yana iya zama garau, mai ƙamshi, alhali dubban ƙwayoyin cuta na cikin kowane cokalinsa. Kafin ido ya ga dushewa, abin ya riga ya yi nisa.

Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iya ƙidaya su. Ƙa'idar duniya ta ISO 17516 ta iyakance ƙwayoyin da za a samu a kayan kwalliya ga 1,000 a kowane giram ko mililita, ga kayan yara 'yan ƙasa da shekara uku da na gefen ido kuma 100 kacal. Ta kuma hana a samu wasu ƙwayoyi huɗu ko kaɗan, ciki har da Pseudomonas aeruginosa. Duk matar da ke son mayar da wannan aiki sana'a, wajibi ne ta kai samfurinta a gwada, ta kuma nemi rajista. Abin da mutum ya yi don fuskarsa daban, abin da zai sayar wa jama'a daban.

Ga mai son haɗawa da kanta

Hanyar gida ba ta da wuya. A sami tukunya mai zurfi marar tsatsa, a kife wata tasa a tsakiyarta, a ɗora kwano a kan tasar. A zuba ganye ko fure a kewaye, a zuba ruwa mai tsabta har ya rufe su ba tare da ya kai bakin kwanon ba. A rufe tukunyar da murfi a birkice, a ɗora ƙanƙara a kansa, a rage wuta. Tururi zai taɓa murfin mai sanyi ya koma ruwa ya ɗiga cikin kwanon. Wannan ɗin shi ne ruwan tururi. Ruwan da ya rage a gindin tukunya ba a haɗa shi da shi.

A tabbata an san tsiron sarai, kuma ba a fesa masa maganin ƙwari ba, domin wasu magungunan sukan bi tururi. Furannin da ake sayarwa don ado ba su dace ba saboda wannan dalili. A tafasa kwalbar gilashi da murfinta da mazurari na minti 10, a kife su su bushe da kansu, kada a goge da tsumma. A wanke hannu da sabulu. Kada a sake amfani da kwalbar da ta taɓa ɗaukar magani, ko fiya-fiya, ko wani sinadari. A rubuta sunan tsiron da kwanan wata a jikin kwalba. A kuma nisanta yara daga murhu, domin ƙunar tururi tana da muni.

Ajiya a zafin Yola

Firji shi ne wurin ajiyarsa, amma firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba ya riƙe sanyi yadda ake so. Inda babu shi, ana iya sa kwalbar a gindin randa, ko a tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina, a kwarin Binuwai mai yawan danshi, sanyinta yakan ragu.

Shawarar da ta fi aminci ita ce a yi kaɗan, a yi sau da yawa. Na gida da babu abin hana lalacewa a cikinsa, a ƙarar da shi cikin mako biyu idan firji na aiki, cikin kwana uku zuwa huɗu idan babu. Na kanti a bi abin da aka rubuta a jikinsa, a kuma lura cewa kwanakinsa sun fara ƙirguwa daga ranar da aka buɗe shi. Kwalbar feshi ta fi mai buɗaɗɗen baki, domin hannu da auduga ba sa taɓa abin da ke ciki. Kada a ƙara masa ruwan famfo don ya yi auki, kada a zuba sabo a kan tsoho, kada a bar shi a mota ko bakin taga.

Inda ba a sa shi

Ba a ɗiga shi a ido, ko kunne, ko hanci. Ba a sa shi a buɗaɗɗen ciwo, ko ƙuna, ko cibiyar jariri, ko wurin kaciya. Ba a yin tsarki ko matsi da shi. Wanda aka yi don kwalliya ba a shan sa, ruwan wardin da Larabawa da Indiyawa ke sa wa a abinci ana yin sa ne daban, an kuma rubuta haka a jikinsa.

Jarirai ba sa bukatarsa ko kaɗan. Ruwan na'ana'a da na ganyen turare musamman kada su kusanci fuskar ƙananan yara, domin sinadaran da ke cikinsu suna iya taɓa numfashinsu. Masu asma su guji fesa shi a rufaffen ɗaki. Mai juna biyu, da mai ciwon suga, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su tuntuɓi likita tukuna.

Idan yaro ya sha man ƙamshi zalla, kamar man turare ko na kanumfari, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Haka ma wanda leɓɓansa ko fuskarsa suka kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, ko idonsa ya yi ja da ciwo da kwantsa bayan amfani da ruwan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola da Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta suna kusa da mazauna Mbamba da kewaye.

Daga ƙarshe, ruwan tururi abin sanyaya fata ne da ƙamsasa ɗaki. Ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko ciwon sanyi, ko hawan jini, komai daɗin bakin mai talla. Wanda ya ajiye shi a matsayinsa, ya rubuta masa kwanan wata, ya gwada shi a hannu kafin fuska, zai more shi lafiya. Kwalbar da aka yi shakkarta kuwa, a zubar da ita. Kuɗinta bai kai na jinyar ido ba.